Irin Gida: Daga Inabin Girka Zuwa Geron Damargu

  Ina gaida mutanen Belbeji da kewaye. Ina gaida na Tarka, da na Gangara, da na Tanut. Iyayenmu maza da ke zaune gindin rediyo, barkanku da hutawa. Iyayenmu mata da ke bakin turmi, sannunku da aiki.

Yau maganar iri za mu yi. Irin shuka. Irin gida, wanda muka gada. Amma kafin mu shiga gonarmu, zan ɗan kai ku yawo. Za mu je wata ƙasa a Turai da ake kira Girka, mu ga abin da manoman can suka yi da nasu irin. Daga nan mu dawo gida Damargu, nan Nijar, mu duba geronmu. Sannan mu zauna kan yadda ake zaɓen iri da yadda ake ajiye shi. Ku gyara zama.

To, bismillah. Mu fara da Girka.

A Girka akwai wani tsibiri, wato ƙasa a tsakiyar teku, sunansa Santorini. Shekaru wajen 3,600 da suka wuce, dutse ya yi aman wuta a wurin, toka da tsakuwa suka rufe tsibirin. Har yau ƙasar wurin toka ce da rairayi, ba yumɓu. Ruwan sama kaɗan ne, ba ya cika kai milimita 400 a shekara. Babu kogi. Ga iska mai ƙarfi, mai ɗebo rairayi tana watsa wa shuka. Manomin Damargu, ka ji wannan? Kai ma ka san iskar farkon damina, wadda ke yanke ɗan gero ko ta binne shi tun yana ganye biyu.

A wannan busasshen wuri ake noman inabi. Wani irin inabi ne nasu na gida, suna kiran shi Asirtiko.

Bari in tsaya nan in faɗi wata magana a fili. Yawancin inabin nan giya ake yi da shi. Ana matse ƴaƴan, a zuba ruwan a tuluna ko tankuna. Sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira yis, su cinye zaƙin, su mai da shi abin sa maye. Wannan haramun ne a gare mu, kuma ba tallarsa na zo yi ba. Ana kuma yin zabibi da inabi, wato busassun ƴaƴansa, Girka ta daɗe da suna a kansa. Abin da ya kai mu can shi ne noman. Noman nasu akwai abin dubawa.

A sauran ƙasashe, itacen inabi ana ɗaga shi sama ne, a kafa masa sanduna da waya ya yi yaɗo. A Santorini ba a yin haka. Iska za ta kakkarya shi, rana ta ƙone ƴaƴan. Sai manomi ya durƙusa, ya kama rassan, ya naɗe su a ƙasa kamar gammo, zagaye bisa zagaye, shekara bisa shekara, har su zama kwando. Ƴaƴan suna rataye a cikin kwandon. Ganye ya rufe su daga sama. Iska ta zo ta wuce, rairayi bai taɓa su ba. Da dare laimar teku ta sauko, tsakuwar ta tsotse, da safe saiwa ta sha. Tun kaka da kakanni da wannan raɓar itacen ke rayuwa, ba da ban-ruwa ba. Kuma ba a cunkusa shuka. Ana ba da tazara mai faɗi tsakanin gindi da gindi, don ruwan da ke ƙasa ba zai ishi da yawa ba. In kwandon ya tsufa, sai a sare shi daga gindi, sabon reshe ya tofo daga tsohuwar saiwa. Akwai saiwoyin da suka haura shekara ɗari suna ba da amfani.

Amfanin ba shi da yawa. Gona guda a can ba ta ba da abin da gona mai ruwa ke bayarwa. Amma Asirtiko yana da wani hali. Duk zafin rana, ba ya rasa ɗan tsaminsa, alhali wasu inabin in zafi ya yi yawa sai su yi lami. Wannan halin ne masu saye ke biya da tsada. Yau har a Ostareliya ana dasa shi, saboda su ma zafi da fari sun dame su.

Ku riƙe wannan. Iri da wuri tare suke tafiya. Iri da wuri tare suke tafiya.

Saura labari biyu gajeru daga can, sannan mu dawo gida.

Na farko. Daga shekarun 1860, wani ɗan ƙwaro da ake kira filoksera ya shiga Turai daga Amurka. Saiwar inabi yake ci. Ya halaka gonakin Faransa, ya bi ƙasa bayan ƙasa, har cikin Girka. Manoma suka tumɓuke gonakinsu, suka koma dasa nasu inabin bisa saiwar Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Amma bai ci Santorini ba, don ba ya iya zama a ƙasar toka da rairayi. Ƙasar da ake rainawa ita ce ta tsare irin.

Na biyu. Girka tana da irin inabi na gida ɗaruruwa. Akwai lokacin da manyan masu gonaki suka fi son irin Faransa, don shi duniya ta sani. Wasu na gida suka kusa ɓacewa. Ɗaya daga ciki sunansa Malaguziya. A shekarun 1970, wani malamin jami'a a birnin Tasalonika, Farfesa Vassilis Logothetis, ya samo ragowarsa a ƙauyukan kan duwatsu na yammacin ƙasar. Aka dasa shi a gonar gwaji. Wani matashin masani, Evangelos Gerovassiliou, ya lura da shi, ya yi ta yaɗa shi. Yau Malaguziya yana cikin inabin da Girka ke tinƙaho da su. Da malamin nan ya makara da shekara goma ko ashirin, wataƙila da sai dai suna.

To, jama'a, mun gama yawo. Mu dawo gida. Mu shiga kashi na biyu, geron Damargu.

Gero ɗan ƙasar nan ne. Ba baƙo ba ne. Masu tonon tarihi sun sami ƙwayarsa a kwarin Tilemsi, arewacin Mali, wadda ta kai shekara wajen 4,500. A nan Sahel aka fara noma shi, daga nan ya tafi har Indiya.

Damargu kuwa tun da can rumbu ce. Abzinawa nan suke saukowa awo. Ayarin raƙuma ya ɗauki geronmu ya haura Abzin, ya ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya dawo da kantun gishiri da dabino. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851, kuma ya rubuta yadda Abzin ta dogara da hatsin nan. Ku duba inda muke. Mu ne kusan ƙarshen noma. A 1961 gwamnati ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, daga can sai kiwo, kuma iyakar ba ta da nisa da mu. Ruwanmu a yawancin shekaru tsakanin milimita 200 ne da 350. Daminarmu gajera ce. Duk da haka ƙasar nan ta ciyar da kanta, ta ciyar da wasu.

Da wane iri aka yi wannan? Da irin gida.

Kowane yanki na Nijar da nasa geron. Mutanen yamma, Zabarmawa, suna da Haini Kire. Maraɗi suna da Zango, mai doguwar zangarniya, wani sa'in ta fi tsawon hannun mutum. Gabas akwai Ba'angure. Can bakin tafkin Chadi akwai Buduma. Kudu inda ruwa ke daɗewa akwai maiwa. Mu kuma a nan akwai Ankutes. Kun san shi. Zangarniyarsa gajera ce, mai kauri, ƙwaya a cushe. In ka jera shi da Zango, wanda bai sani ba zai ce Zango ya fi. Ido ke ruɗinsa. Doguwar zangarniya tana son dogon ruwa. Kai kuwa ruwanka na iya ɗaukewa tun tsakiyar Satumba.

Ba mu kaɗai muka san darajarsa ba. Hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta ɗauki Ankutes ta yi aiki a kansa. Irin nan da ake rabawa mai suna HKP, shi ma daga Haini Kire aka tace shi. Galibin abin da ake kira ingantaccen iri, in ka bi asalinsa, gonar wani manomi za ka tarar.

Yanzu ku kasa kunne, don wannan ne abin da ya fi burge ni a duk maganar yau.

A 1976, masu bincike sun zagaya ƙauyukan Nijar, suka karɓi samfurin gero daga hannun manoma, suka adana. A 2003 aka sake komawa waɗannan ƙauyuka, aka sake karɓa. Tsakanin nan an sha fari, har da babban farin 1984. Sai aka shuka tsohon da sabon gefe da gefe, a gona ɗaya. Me aka gani? Geron 2003 ya riga na 1976 fitar da kai. Zangarniyarsa ta ɗan rage tsawo. Sunayen irin kuwa galibi ba su canza ba. Wato damina ta gajarce, gero ya bi ta. Ba wani ofis da ya ba da umarni. Kowace kaka, wanda ya nuna kafin ruwa ya ɗauke shi ne ya shiga dami. Shi manomi ya zaɓa. Shi aka shuka baɗi. Shekara 27 ana haka, iri ya gyara kansa a hannunku.

Ka ji ko, Malam? Damin irin da ke rataye a rumbunka, aikin shekaru ne. Aikin mahaifinka ne da naka. Ba a sayen irinsa a kasuwa.

Ga kuma inda haɗarin yake. Shekara ta baci. Fara ta sauka, kamar yadda ta yi a 2004, ko ruwa ya yanke. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Yara na kuka. Maigida ya dubi damin iri, ya kau da kai, ya sake dubawa. Daga ƙarshe ya ce wa uwargida, sauke ki sussuka. Ba mai zarginsa. Yunwa ba ta da kara. Amma ruwan shuka ya sauka, sai ya nufi kasuwa ya auno tiya biyu. Geron ina ne? Bai sani ba. Mai awon ma bai sani ba. Wataƙila daga kudu motar ta taso. Ya shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai. Gero ya yi kore shar, kara ya yi tsawo, masu wucewa na cewa ma sha Allah. Ruwa ya ɗauke, gero bai gama ɗaukar ƙwaya ba. In ma tsautsayi ya sa da maiwa a ciki, ita ba ta fitar da kai sai rana ta fara gajarta, can ƙarshen damina. A nan kuwa lokacin ƙasa ta bushe. An sami abincin dabbobi, ba a sami na mutane ba.

Haka iri ke ɓacewa. Ba rana ɗaya ba. Gida bayan gida.

Wani zai ce, to kai mai magana, kana hana mu karɓar irin malaman gona ke nan? A'a. Ban ce haka ba. HKP ya taimaki mutane da yawa. A 2018 an fito da wani mai suna Chakti, aikin cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tare da INRAN. Yana nuna da wuri, kuma yana da sinadarin ƙarfe mai yawa, wato abin da ke ƙara jini, wanda mata masu ciki da yara ke bukata. Wannan alheri ne. Amma ra'ayina shi ne, baƙon iri a gwada shi a gefe guda tukuna. Shekara biyu, shekara uku. A ga yadda zai yi a jigawa, a ga yadda zai yi a geza. A ga yadda zai yi da tsuntsu, don geron da ya riga na kowa nuna shi jan baki ke fara sauka a kai. In ya yi, a ƙara masa fili. Amma kada a zubar da na gida. A riƙe biyun.

Kuma in ana gwajin, a tambayi mata. Wannan ana yawan mantawa. Namiji dami yake ƙirgawa. Mace ita ta san wanda ke surfuwa ba wahala, da wanda dusarsa ta yi yawa. Ita ta san wanda garinsa ke auki, da wanda furarsa ke kwana ba ta lalace ba. Mu nan fura ce abincin yini. Irin da ya cika rumbu amma aka ƙi furarsa, ba zai daɗe a gida ba. Inna, in an kawo sabon iri, ki dama, ki ɗanɗana, ki faɗi gaskiya.

Mu shiga kashi na uku. Yaya ake zaɓen iri?

Da farko ku san halin gero. Gero ba kamar wake ba ne. Wake galibi kansa yake yi wa barbara. Gero kuwa iska ke ɗaukar bununinsa, wato garin nan da ke tashi daga zangarniya, ta kai wa na kusa, ta kai wa na maƙwabci. Shi ya sa iri ke gaurayewa. Shi ya sa ma ingantaccen iri, in an yi shekara uku ana maimaita shi, ake cewa a sabunta.

Saboda haka, zaɓen iri a gona ake yin shi, gero na tsaye. Ba a bakin rumbu ba. A bakin rumbu zangarniya kawai kake gani. A gona kana ganin uwar. Kana ganin wadda ta riga nuna. Kana ganin wadda ta yi ƴaƴa da yawa, wadda iska ba ta kayar ba, wadda gaugai, ciyawar nan mai tsotsar saiwa, bai shanye ba. In sake faɗa. A gona ake zaɓe, gero na tsaye.

Ka shiga tsakiyar gona. Ka bar na gefe, don su suka fi shan bununin maƙwabta. Ka duba zangarniya mai cika daga gindi har baki. Wadda murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniya, ta yi wa zane, ka bar ta. Wadda ke da baƙin gari ko ta yi ganye-ganye a maimakon ƙwaya, cuta ce, kada ta kusanci irinka.

Sai shibra. Kun san ta, mai siririn kai, mai zubar da ƙwaya tun kafin a yanka. Na san a shekarar wuya ita ake fara ci kafin gero ya nuna, ba na raina ta. Amma a inda za ka ɗebi iri, ka cire ta tun kafin ta yi bununi. In ta yi, ta riga ta shiga jinin irinka.

Ga wani kuskure da ƙwararru ma ke yi. Mutum ya ga zangarniya goma manya-manya, ya ce waɗannan kaɗai zan ajiye. A'a. Ka ɗebo daga gindi da yawa, ɗari biyu ko fiye, daga sassa daban-daban na tsakiyar gonar. Ƙarfin irin gida a bambancinsa yake. A ciki akwai mai saurin nuna, akwai mai jinkiri kaɗan. Shekarar da ruwa ya yanke da wuri, na farko ya fisshe ka. Shekarar da ruwa ya daɗe, na biyu ya cika maka rumbu. In ka tace shi ya zama abu ɗaya tak, ka rage masa dabara.

Sai ajiya. A shanya shi ya bushe sarai. Ka ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara, ta bushe. A bar shi a zangarniyarsa, ya fi jure ƙwari. A ɗaure shi daban, a yi masa alama, a sa shi sama inda laima da ɓera da gara ba sa kaiwa. Wanda ya sussuka, ya zuba a tulu ko jarka mai murfi, da toka mai sanyi ko busasshen ganyen dogon yaro, ya toshe bakin. Kuma kowa a gidan ya sani, har yara, wannan ba na ci ba ne.

Kafin ruwa ya sauka, a gwada. Gwajin ba ya cin ko dala. Ƙirga ƙwaya 100. Kada ka zaɓa, ɗebo kawai. Jiƙa tsumma, ka jera su, ka naɗe, ka ajiye a inuwa. Kullum ka yayyafa ruwa kada ya bushe. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe ka ƙirga. In 80 ko fiye sun tsiro, alhamdu lillahi. In wajen 60 ne, ka ƙara yawan ƙwaya a rami. In bai kai rabi ba, nemi wani tun da sauran lokaci. Ƙwaya 100, jiƙaƙƙen tsumma, mako guda. Masu yin binne, ku wannan ya fi shafa. Wanda ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa, in yayyafi ya ruɗe shi, sai ya sake shuka. Don haka kada ka fita da irinka duka a karo ɗaya. Ka rage na biyu, in da hali har na uku.

Abu na gaba ba na mutum ɗaya ba ne, na gari ne. Garuruwa da yawa suna da bankin cimaka. To a ware wani lungu na iri. Kowane gida ya kawo ɗan abin da ya zaɓa da kaka, a rubuta sunansa, da sunan irin, da shekarar. Ba a buɗewa sai an ga hadari. Wanda yunwa ta ci nasa, ya ranta a nan, ya mayar da kaka. Mai gari da liman su sa ido. Kuma in akwai wani dattijo ko wata tsohuwa da ke riƙe da wani irin da ya yi ƙaranci, gero ne, dawa ce, wake ne, ko guna, matasa ku je ku roƙi ko cikin tafin hannu ne, ku shuka a bayan gida. Ku tambayi sunansa da halinsa tun mai shi na da rai.

Kafin lokaci ya cim mana, kalma ɗaya kan suna. Mutanen Santorini sun sa doka ta tsare sunan tsibirinsu, ba mai liƙa shi a kayan da ba can aka noma ba. Mu ma mun ga haka a gida. Albasar Galmi, ai kun san ta. An taɓa samun wani kamfanin iri na waje da ya nemi mallake sunanta, manoman Nijar suka tashi tsaye. Yanzu hukumar OAPI, mai rajistar irin waɗannan haƙƙoƙi a ƙasashen Afirka, ta yi wa albasar Galmi rajista, ta yi wa kilishin Nijar. Geron Damargu bai kai nan ba tukuna. Amma ƙungiyoyin manoma na iya farawa da abu mai sauƙi. In za ku kai iri kasuwar Belbeji ko ta Tanut, kada ku gauraya. Ku ware shi, ku faɗi sunansa, ku faɗi garin da aka noma shi. Mai neman iri ya san abin da ya auna.

Lokacinmu ya ƙare. Mai tambaya ya kai ta wurin malamin gona na yankinsa, ko ya aiko mana nan gidan rediyo, za mu karanta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan murzuna, da ɗan ƙwaron nan da ake saki a gona yana kashe ta. Allah ya ba mu damina mai albarka.